Makaɗana na Bayan La'asar

A duk Hausawan da suka taɓa sauka a unguwar Deira ta Dubai, daga masu sarin shadda har masu lodin tayar mota, babu wanda ya san kiɗan Turawan nan na rok kamar ni. Na sha faɗar haka a majalisarmu ta bakin shagon shayi, kuma ba wanda ya taɓa musa mini, don ba wanda ya san a kan me nake magana. Nakan ce musu idona ya ga makaɗan da duniya ta yi asarar gani. Su huɗu ne. Da akwai adalci a harkar kiɗa, da yanzu kowannensu da jirginsa.

Ga yadda na same su. Farkon zuwana Dubai aikin kago nake yi, wato in tattara kayan 'yan kasuwa in cusa a kwantena zuwa gida. Iyali suna Kano, ni ina wani fulat a Hor Al Anz, mun yi yawan da sai ka yi sallama kafin ka juya a kan gado. Amma duk yawan nan kaɗaici ya kusa kashe ni. A lokacin Juma'a ce ranar hutu, kuma da an sauko daga masallaci ba abin yi sai kallon fanka. Maƙwabcin gadona wani mutumin Jos ne, Kirista, mai gyaran esi, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ina ce masa Fasto don tsokana, shi kuma yana ce mini Alhaji tun ban san ƙofar Makka ba. Wata Juma'a aka kira shi gyara a wani otal mai araha wajen Port Saeed, ya dube ni ya ce, "Alhaji, tashi ka riƙe mini tsani, kafin gadon nan ya haɗiye ka."

Muka shiga ta ƙofar baya, muka ratsa kicin, muka faɗa wani ƙaton zaure mai duhu-duhu. Ba kowa a ciki sai mutum huɗu a kan dandamali, da wani can ƙurya yana murɗa maɓallai. Ina riƙe da tsani sai na ji dum. Shiru. Dum. Shiru. Wani siririn Ba'indiye ne zaune a tsakiyar ganguna, yana bugun guda ɗaya tal, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ba za a buɗe ba. In ya jima sai ya ɗaga hannu sama, ya dubi ƙarshen zauren nan da ba kowa, sannan ya koma kan ganga ta gaba. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Sai mawaƙin, wani ɗan Filifin mai gashi har kafaɗa, ya matso bakin makirufo ya fara ƙirge da Turanci. Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu. Bai taɓa kaiwa uku ba. Na ce a raina, wannan bawan Allah ya san zaman ƙasar waje. Daga nan masu jita biyu suka shigo, duk suka haɗu, kiɗa ya ɗauko, ya hau, ya hau, daidai inda daɗi zai kai ƙarshe sai ɗaya ya ɗaga hannu, ɗif, aka yanke. Suka yi ɗan gunaguni, suka koma farko. Ka fara, a tsayar da kai, ka sake farawa. Ban taɓa jin kiɗan da ya ba ni labarin kaina irin wannan ba. Na saki tsani. Fasto ya yi mini wata addu'a daga sama wadda ba na jin a coci ya koye ta.

Tun daga ranar na zama nasu. Kowace Juma'a da na yi la'asar sai in sa babbar riga in tafi. Maigadin ƙofar baya ya ɗauka ni ne ogan masu esi, har ƙamewa yake yi mini. In jawo kujera, in dasa ta a gaba, in cika ta, don ko a lokacin Allah bai rage ni da jiki ba. Ba tikiti, ba layi, ba ɗan kallo sai ni. Abin yana ba ni tausayi. Gari cike da miliyoyin mutane, a ce ba wanda zai zo ya ji waɗannan bayin Allah? Don haka nake yi musu tafin mutum ɗari. Wata rana ma na hau na yi wa mawaƙin liƙi a goshi yadda ake yi a gida, ya tsaya yana kallona kamar na manna masa sammaci. Na koma kai musu kilishi, wannan kam sun fahimce shi.

Kuma mutane ne masu tarbiyya. Da magariba ta gabato sai su ajiye kaya su fita. Ni ban ga abin mamaki ba, ai haka wasa yake: ko dambe a garinmu bayan la'asar ake farawa, a tashi kafin kiran salla. In na fito nakan ga samari sanye da baƙaƙen kaya sun fara yin layi a ƙofar gaba, sai in ce Allah sarki, masu neman aiki, Allah ya sa a dace.

Sai rayuwa ta yi halinta. A cikin makaɗan, bizar wannan ta ƙare, wancan ya yi aure ya koma gida, ni ma na buɗe ofishina, na ɗauko iyali. Zauren ya koma wurin biki. Na nemi kiɗansu a waya har na gaji. In na rubuta sunansu sai a nuno mini wani taron hauka, mutane kamar fari, ana tsalle ana ihu. Nakan ce wasu ne suka sace musu suna. Mai gangar dai yana ɗan kama da nawa, amma ban ba abin muhimmanci ba. Abin da nake so kawai shi ne in sake jin dum ɗin nan ko sau ɗaya kafin in mutu. Da shi na rayu a shekarun da ba ni da kowa, kuma ya fara ɓace mini a kunne.

Kwanakin baya sai ga Fasto a ofishina, yanzu shi ma da shagonsa da tumbinsa.

"Alhaji, albishirinka. Mutanenka sun dawo. Kwana biyu za su yi, a tsohon wurin."

Na kusa karya kujera. Na tafi majalisa na yi shela: yau bakin kowa zai mutu. Na ɗebi mutum uku, ciki har da wani dattijo mai sarin shadda wanda ko rediyo ba ya ji sai labarai. Na yi musu alkawarin natsuwa: wuri fayau, kiɗa mai sa mutum ya tuna lahira. Na sayi tikiti, abin da ya ɗan ba ni mamaki, kuma na ga an rubuta bayan isha'i. Na ce to, tsufa ne, kowa da irin sauyin da yake kawo masa. Dattijo har filas ɗin shayi ya riƙo.

Abin da muka tarar, ni dai har yau in na tuna sai kaina ya yi nauyi. Zauren da na sani kamar tafin hannuna ya cika har bango yana gumi. Ba kujera ko ɗaya. Haske yana walƙiya kamar an kama aljani. Da aka buga gangar farko sai da hanjina ya koma gefe guda. Na ɗaga kai, su ne, su huɗun nan, sun yi furfura, mawaƙin gashin ya gudu ya bar shi. Amma abin da ke fita daga hannunsu ban taɓa jin sa ba. Ba shiru, ba tsayawa, waƙa ta fara sai ta kai ƙarshe, wata ta hau kanta.

Dattijo ya kafa baki a kunnena. "Alhaji! Wannan ce natsuwar?"

"Shwaiya, ɗan haƙuri kaɗan, Baba, yanzu za su fara na gaskiya!"

Sai ga wani saurayi an ɗauko shi a kan hannaye, ana miƙa shi ta saman kawunanmu.

"Innalillahi! Gawa ce?"

"Da ransa, Baba!"

"To ina za a kai shi?"

Ban sani ba. Ban san komai ba a wurin nan. Kowa yana bin waƙa baki ɗaya, Indiyawa, Larabawa, 'yan Filifin, har da wasu masu furfura irina suna kuka, ni kaɗai ne ban san ko kalma ɗaya ba. Ni da na fi kowa sanin su. Ina ta jiran a ɗaga hannu a yanke, ba a yanke ba. Hular ɗayanmu ta tafi yawon da ba ta dawo ba, filas ya bi ta. Dattijo ya ce khalas, ya isa haka, ya kama hannun rigata kamar akuya, muka fito.

Da safe majalisa ta ci ni ɗanye. Wani ya ce a duba ni, wataƙila zafin shekarun nan ne ya taɓa ni na yi ta mafarki ido biyu. Na yi dariya tare da su, amma maganar ta zauna mini. To in fa gaskiya ne? In ba a taɓa yin kiɗan nan ba fa, ni na ƙirƙiro shi saboda kewar gida? Na kira Fasto.

"Sun lalace," na ce. "Duniya ta ɓata su."

"Su wa? Ai jiya sun yi yadda suka saba. Har ma sun rage, gwiwa ba ta bari."

"Fasto, ka ji tsoron Allah. Ni za ka gaya wa yadda suka saba?"

"To ni ban san me kake so ba. Taron jiya ya kashe esi biyu, an kira ni da yamma. Zo ka riƙe tsani, ka kai ƙararka da bakinka."

Na yi la'asar, na sa babbar riga, muka bi ta kicin. Tun kafin mu tura ƙofa na ji shi. Dum. Shiru. Dum. Zaure fayau, duhu-duhu, siririn Ba'indiyen nan yana ƙwanƙwasa ƙofarsa, ya ɗaga hannu, ya koma ta gaba. Na damƙi hannun Fasto har ya yi ƙara.

"Ga su! Ka ji? Wannan nake gaya muku! Ashe ban haukace ba!"

Ya dube ni, ya dubi dandamali, ya sake dubana. Sai ya zauna a kan matakalar tsani a hankali kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Alhaji. Duk shekarun nan, wannan kake zuwa kallo?"

"Da me zan zo kallo?"

"Wannan gwaji ne. Gwada lasifika suke yi. Ya buga, mutumin can na ƙurya ya daidaita sauti, ya ɗaga masa hannu. In sun gama su je su ci abinci, sannan a buɗe wa mutane ƙofa a yi wasa."

"Masu neman aikin nan fa?"

Ya kwanta a jikin tsani yana dariya har hawaye na zuba. Da ya sami numfashi ya ce shi ya ɗauka na sani. Ya ɗauka kunyar idon 'yan gida ce take sa ni sulalewa kafin a fara, shi ya sa bai taɓa tada maganar ba, don ya rufa mini asiri.

Dariyarsa ce ta sa mai gangar ya ɗago. Ya ƙura mini ido, sai ya yar da sanduna ya diro yana ihu, "Habibi! Kilishi!" Ya rungume ni iya inda hannunsa ya kai. Sauran suka taho, aka yi ta bubbuga mini baya. Turancinsa yana gudu kamar jirgin metro, sai Fasto ya zama tafinta. Na ce a tambaye shi sunan waƙar nan mai dum. Ya ce ba ta da suna, ba waƙa ba ce. Na ce wa ya tsara ta. Ya ce ba wanda ya tsara, kowane mai ganga a duniya haka yake yi. Na ce to a roƙe shi ya ƙarasa mini.

Ya koma ya zauna. Na jawo kujera na dasa a gaba. Ya buga, kuma ga abin da ya fi ɗaure mini kai: yanzu na san ba komai ba ne, na san lasifika ake yi wa, amma tsigar jikina ta tashi kamar ranar farko, na ga ɗakin Hor Al Anz, na ga fankar nan, na ji ƙamshin shayin da nake sha ni kaɗai. To wa ke da gaskiya? In ba waƙa ba ce, me ya riƙe ni shekara da shekaru? In kuma waƙa ce, me ya sa mai ita bai sani ba? Na share ido da hannun riga, na ce wa kaina ko ba komai su ma sun san darajar mutum ɗaya da ya tsaya musu lokacin da ba kowa.

Kamar ya ji ni, mutumin ƙurya mai maɓallai ya taso, ya kama hannuna biyu-biyu, ya yi dogon jawabi yana nuna ni yana nuna kujerar. Na gyara zama, na ce, "Fasto, fassara, kar ka rage ko kalma."

Fasto ya goge fuska.

"Ya ce a gaya maka sun yi kewarka ƙwarai. Wai zauren nan in ba kowa amsa-kuwwa yake yi, amma in ka zauna a gaba da babbar rigar nan sai ka shanye ta tas. Jiya da ba ka zo da wuri ba, sai da suka jingina katifa biyu a wurinka."