Ƙwaryar Kawu a Ranar Buɗe Nadi

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami, ina roƙonsa ya sa faɗin wannan labari ya rage mini nauyinsa, domin ba labarin da zai ƙara mini daraja ba ne.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, kudu da Sennar. A bayan gari, tsakanin gidajen ƙarshe da babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, akwai wani fili na hukuma inda samari ke buga ƙwallo. Shekara da shekaru babu komai a wurin sai sandunan raga da wata tsohuwar darbejiya. Daga baya hukuma ta yarda mu gina nadi a gefen filin, wato gidan taruwar jama'a: ƙaramin ɗaki na 'yan ƙwallo, da babban zaure na taro da karatun mata da zaman gaisuwa. Aka kafa lajna, wato kwamiti mai kula da aikin, aka sa ni a ciki saboda shekaruna, kuma saboda ni nake yi wa mutane rubutu da addu'a.

Da gayya aka yi ginin, amma kowa ya san hannun da ya tsayar da shi. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, maginin garinmu. Yana da kamina a bakin kogi inda yake gasa jan tubali, kuma daga can aka kwaso duk tubalin nadin. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya kama hannuna ya kai ni makarantar allo. Tun daga lokacin yake kirana Mai Tawada, wai bai taɓa ganina da riga marar ɗigo ba. Har na yi furfura bai sauya mini suna ba. Larabci yana jinsa sarai, sai dai in ya buɗe baki yara kan sunkuyar da kai suna murmushi, don haka ba ya yinsa sai a kasuwa.

Muna da wata al'ada da kakanninmu suka zo da ita daga yamma. In an gama gini, magini ne ke rufe ƙofa da hannunsa. Ranar shiga, malami ya rubuta ayoyi a allo ya wanke a ƙwarya, jama'a su tsaya a waje, magini ya tuɓe takalmi ya shiga shi kaɗai, ya yayyafa ruwan a kusurwa huɗu. Sa'annan ya leƙo ya ce a shigo. Wannan shigar farko ita ce girman magini. Kawu ya yi ta a gidaje da yawa, amma bai taɓa gina abin da ya kai nadin nan ba, kuma ya san ƙarfinsa ba zai sake kai shi ga irinsa ba.

Saura mako biyu a buɗe, shugaban lajna ya tara mu. Ɗan maƙwabcina ne, ya yi karatu a Medani, mai hankali da son garinsu. Ya ce wani babban jami'i zai zo daga Sennar tare da masu ɗaukar hoto, za a ɗaura ƙyalle a ƙofa ya yanka da almakashi ya fara shiga. Daga nan ya rage murya ya ce maganar ƙwarya a bar ta. Ya ce an daɗe ana kallonmu a matsayin mutanen allo da laya, in muna so a jawo mana wuta a gyara filin, to baƙi su gan mu kamar kowa. Duk suka juyo suka dube ni, tunda maginin kawuna ne. Na ce su bar ni da shi.

Da zan iya cewa tilasta mini aka yi, da na ji sauƙi. Gaskiya ita ce zuciyata ta yarda da maganar kafin ya gama ta. Ni ma na san yadda nake rage murya in ina Hausa a tashar Sennar.

Sau biyu na je kamina don in gaya masa. A zuwan farko ya sa aka dafa mini shayi, ya zauna yana ba ni labarin yadda ya ɗaure kusurwar gabas don kada damina ta ci ta. Na sha shayi na tashi. A zuwa na biyu ya ce mini ya sa an fito da babbar rigar mahaifinsa daga akwati an shanya, ita zai sa ranar buɗewa. Ya yi dariya ya ce ko asu ya san girman ranar, bai taɓa ta ba. Na sake shan shayi na tashi. A hanya na riƙa gaya wa kaina cewa kunya ce ta hana ni, wai ɗa ba ya tare kawunsa da irin wannan magana.

Ranar buɗewa da hantsi ya shigo zaurena da allo a hammata da sabuwar ƙwarya.

"Mai Tawada, tashi ka yi aikinka, in yi nawa."

Nan ma ban faɗa ba. Na feƙe alƙalamin kara, na rubuta Fatiha da Ayatul Kursiyyu da surorin neman tsari, na kyautata rubutun kamar yadda ban taɓa yi ba. Na wanke a ƙwaryar, na rufe da faifai, na miƙa masa hannu biyu. A raina ina cewa wataƙila cunkoso ya hana shi isa ƙofa, ko baƙon ya yi sauri ya yanka ƙyallen kafin tsoho ya miƙe.

Bayan la'asar gari ya taru. An kafa rumfa a gaban nadin, an jera kujeru, an yanka rago, mata suna soya kofi da citta, turare yana tashi. 'Yan ƙwallo sun sa sabbin riguna sun yi layi. Kawu yana zaune a gefe cikin babbar rigar shuɗi, ƙwarya a cinyarsa. Motar baƙo ta iso, aka yi gaishe-gaishe, aka raka shi bakin ƙofa inda jan ƙyallen yake. Wani ya kawo almakashi a kan faranti.

Sai na ga Kawu ya miƙe. Ya tuɓe takalmansa a bakin rumfa, ya taka ƙasa mai zafi, ya nufo ƙofa a hankali don kada ruwan ya zube. Tsofaffi suka fara buɗa masa hanya, don sun san abin da ya kawo shi. Shugaban lajna ya dube ni, kallo ɗaya tak.

Na sha gabansa. Da Larabci na yi masa magana, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na kira shi hajji, kamar yadda ake kiran kowane tsohon da ba a sani ba a cikin mota, na ce ya koma ya zauna, ba yanzu ba.

Ya ɗaga kai ya dube ni. Da Hausa ya amsa, ƙasa-ƙasa.

"Mai Tawada, ni ne fa."

Na maimaita abin da na faɗa, da Larabcin dai. Baƙon ya juyo da fara'a ya tambaye ni wane ne wannan dattijo. Na ce ɗaya daga cikin ma'aikatan ginin ne.

Kawu ya ja da baya. Ya juya ya tafi can ƙarshen rumfa ya zauna a kan wani benci. Takalmansa suna inda ya tuɓe su. Aka yanka ƙyalle, aka yi tafi, mata suka yi guɗa, jama'a suka kwarara ciki da takalmansu, wasu suna bi ta kan nasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman da ya yi. Ruwan ayoyi ne a ƙwaryar, ba a ajiye shi a ƙasa, ba a zubar da shi inda ake takawa. Don haka ya riƙe ta a cinya da hannu biyu tun daga jawabin farko har na ƙarshe. Aka zagayo da kofi, ba hannun karɓa. Aka kawo tiren nama, na kusa da shi suka ci, shi yana riƙe da ƙwarya. Ina hango shi ta taga. Ni aka ba addu'ar rufe taro, na yi ta da murya mai daɗi, na roƙa wa duk wanda ya ɗora tubali a ginin nan gida a Aljanna, mutane suka amsa da amin.

Da baƙon zai tafi, hanyar motarsa ta bi ta gaban bencin. Ya tsaya ya gaida Kawu, ya tambaye shi me yake riƙe da shi tun ɗazu. Kawu ya ce mihaya ce, wato sunan da Larabawan nan suke kiran rubutun sha. Mutumin ya sunkuya, ya nemi izini ya ɗaga faifan, ya tsoma yatsu ya shafa a fuskarsa. Ya ce su mutanen wajen Rufa'a ne, kuma mahaifiyarsa ba ta yarda a kwana a sabon ɗaki sai an yayyafa irin wannan. Ya juyo gare mu ya tambaya me ya sa ba a fara da ita ba. Shugaban lajna ya dubi ƙasa, ni ma na dubi ƙasa. Kawu ne ya amsa da Larabcinsa na kasuwa, ya ce an ce ba yanzu ba. Baƙon ya ce to a yi yanzu mana, zai jira. Kawu ya yi masa godiya, ya ce an riga an shiga.

Ashe mutumin da muka ɓoye ƙwaryar dominsa bai taɓa neman a ɓoye ta ba.

Rana ta yi ja, mutane sun watse, sannan Kawu ya taso ya iske ni ina taya kwashe kujeru. Ya miƙo mini ƙwaryar. Da Larabci ya yi magana.

"Ya ustaz, karɓi kayanka."

Ya je ya nemo takalmansa, ɗaya a nan ɗaya a can, ya kaɗe su ya sa ya tafi. Na kawo ƙwaryar gida. Mahaifiyata, lokacin tana da rai, labari ya riga ni isa gare ta. Ba ta yi mini faɗa ba. Tambayata kawai ta yi ko yayanta ya samu ya ci wani abu a wurin taron. Na shiga ɗaki na zauna, na shanye ruwan ni kaɗai, tunda ni na rubuta kuma babu inda zan kai shi.

Daga ranar Kawu bai fasa gaishe ni ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. Amma a masallaci, a hanya, har a cikin gidan mahaifiyata, da Larabci yake mini magana, kuma ustaz yake kirana. In na amsa da Hausa sai ya ci gaba da Larabcinsa, yana tuntuɓe a kan kalmomi, ba ya fasawa. Yara sun daina murmushi. Haka muka yi rani gaba ɗaya.

Da ruwan kogi ya fara hawa, masu kamina sukan kwashe tubalin da ya rage kafin ruwa ya cinye wurin. Wata safiya na je na same shi yana wannan aiki. Ban yi doguwar sallama ba, na naɗe hannun riga na shiga ɗauka. Muka yi ta jigila har rana ta take. Da muka zauna a inuwa na ce, Kawu, na yi laifi, ka yafe mini.

Ya dubi ruwa. Da ya buɗe baki Hausa ce ta fito. Ya ce hana shi shiga ba shi ne ya dame shi ba, zamani ne, kowa da nasa. Da na gaya masa a nan kamina, da ya zauna a gida ya bar rigar mahaifinsa a akwati.

"Sau biyu ka zo ka sha shayina," in ji shi. "Na ga magana a bakinka. Na ɗauka aure za ka ƙara."

Ya ce batun ma'aikaci kuwa ban yi ƙarya ba, shi ma'aikaci ne, ubansa ma haka. Abin da na bari ban faɗa ba shi ne kawuna ne. Hawaye suka zubo mini a gaban masu aikinsa. Ya bar ni na ɗan lokaci, sannan ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Tashi, Mai Tawada. Kuma ka riƙa ɗaukar huɗu-huɗu, shida da kake ɗauka fasa mini su kake yi."

Da haka na san ya yafe. A hanyar komawa na roƙe shi ya zo nadin ko sau ɗaya, in sake rubuta allo, in tara dattawa su tsaya a waje. Ya ce a'a. Na sake roƙonsa bayan sallah, ya sake cewa a'a, ba tare da fushi ba.

Har Allah ya karɓi ransa bai taka cikin ginin ba. Bayan kowace damina yakan zagaya shi ta waje, yana shafa bango da tafin hannu, sannan ya aiko mini in gaya wa lajna indararon yamma ya karkace, ko kusurwa kaza tana son yaɓe. Ni kuwa ina shiga, don can ake taro, can ake zaman gaisuwa, can ma aka yi nasa. Duk lokacin da na isa ƙofar nakan tuɓe takalmina in bar su a waje. Samarin da suka taso daga baya suna cewa tsoron Allah ne ya yi wa malam yawa, har nadi yake ɗauka kamar masallaci. Shekaru ina jin suna faɗin haka ban gyara musu ba, don maganar tana mini daɗi. Shi ya sa na rubuta wannan.