Alama Ɗaya Tal Don Baba

Shekarar da hatsi ya ƙone a gona tun bai fid da kai ba, Baba ya baro Tirmini ya zauna wurina a Zinder. Yayana, ɗansa na fari, ya riga ya tafi ci-rani Aljeriya, ba ma jin muryarsa sai ran Juma'a ta ordinater, wato kwamfuta. Ni kuwa ina aiki a siber ɗin wata Hajiya, inda mutane ke hayar ordinater.

Baba bai taɓa kiran sunan Yaya ba, balle ya ce mini in kira masa shi. Kunyar ɗan fari ke nan. Duk Juma'a sai ya zo ya zauna a benci, wai iskar fanka yake sha. Iskar fanka fa! Wata Juma'a ni da gajen haƙurina na zaunar da shi gaban ekran, wato allon ordinater, na ce, "Baba, ga abin kira nan, ku danna." Ina! Alamomi birjik, ga tagogin da wasu suka bari a buɗe sun jeru a ƙasa. Ya danna nan, karta ta fito. Ya danna can, kiɗa ya tashi. Samari suka tuntsire da dariya, ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya fita. Na ji kamar in nutse.

Hajiya ta taso. Ta ja ordinater ɗaya zuwa lungu, ta share alamomin kaf, ta ɓoye jerin tagogin, ta bar alama ɗaya ƙatuwa a tsakiya, wadda da an danna ta sai kira ya tafi wurin Yaya. Wallahi har yau ban ga wanda ya tsara na'ura da sanin mutum kamar matar nan ba.

Da ƙyar ya dawo wata Juma'ar. Hajiya ta ce, "Malam, fankar lungun can ta fi sanyi, ku koma can." Ni kuma ta kore ni waje. Ban yi nisa ba, na laɓe a bakin taga.

Can sai na ji muryar Yaya: "Baba? Ku ne?"

Baba ya gyara zama. Sannan ya ce, "Can ana samun abinci?"

"Ana samu, Baba."

"To ka ci. Ka ci ka ƙoshi, kada ka rage mana komai."