Ketura 'Yar Tudu

A tsibirinmu na Lau, idan yaro ya saki filafili cikin ruwa, ko kifi ya suɓuce masa, abu ɗaya ake ce masa: "Kai ɗan tudu ne?" Da wannan muka tashi, alhali gwazar da ke bakinmu mutanen tudun ne suka noma ta.

Daga can kan duwatsu yayana Maelaua ya auro Ketura. Ranar da ta fara shiga kwalekwale sai da ta yi amai, har yau ana ba da labarin. Shekara ashirin da biyu da ta yi tana tsallaka ruwa ɗebo itace da ruwan sha kuwa, ba mai tunawa. Da yaya ya rasu, ita ta ɗauki injin kwalekwalensa ta ci gaba da kamun kifi, ta ciyar da 'ya'ya huɗu.

Da coci ta sayi jirgin kai marasa lafiya asibiti, aka taru zaɓen matuƙi. Ketura ta miƙe ta ce tana so.

Tsoho Ofasisili, shugaban taron, ya yi dariya. "'Yata, ba don komai ba, amma rayukan mutane ne. Ɗan tudu da teku…"

"Baba, sau nawa na kife?"

"Ban ce kin kife ba."

"Ɗanka da kake son a ba shi fa, sau nawa? Ko in ƙirga maka?"

Mata suka tuntsire da dariya. Amma da aka zo ɗaga hannu, da hannu ɗaya ɗan tsohon ya fi ta. Hannun nan nawa ne. Ban ƙi ta ba, ko kusa. Kawai ji na yi ya tashi da kansa, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Ketura ba ta yi kuka ba, ba ta yi gaba da kowa ba. Fenti ja ta saya, ta rubuta 'YAR TUDU ɓaro-ɓaro a jikin tsohon kwalekwalenta.

Bayan wata uku jikata ta sanƙare da zazzaɓi da rana tsaka, sabon jirgi kuma yana kan gyara, matuƙinsa ya hau dutse da shi. Na ɗauke ta, na je na tsaya ƙofar Ketura.

Ta dubi yarinyar, ta ɗauko galan ɗin mai.

"Shiga, ƙanwar miji," ta ce. "Ki riƙe ta da hannu biyu. Yau kada ki ɗaga ko ɗaya."