Jakin da Ya Ƙi Shaida Ni

Shekarun baya can, lokacin da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa har lebura ya fara ɗaura agogo, na tafi cin rani Kaduna na yi aikin gini, na komo ƙauyenmu da ke tsakanin Ƙanƙara da 'Yankara a kan sabon babur. Ni da na tsaya a aji uku, sai ga shi ana ce mani ɗan boko, don kawai ina da madubi biyu da oda.

A gidanmu akwai wani tsohon jaki da muka gada wurin mahaifina. Akumari ya ci mashi baya har ya yi gyambo. Na dube shi, na dubi babur, na yanke hukunci irin na masu ilmi: zamaninshi ya wuce. Bayan an gama kaka na ja shi har bayan fadama, na kwance igiya, na daka mashi duka a gindi. Haka mutane da yawa suka yi a shekarun nan, kada ku ɗauka ni kaɗai ne gwani.

Mahaifiyata kuwa, kullum da safe in an wanke tsaba, takan ɗauki ƙasarin ta zuba a kaskon da yake sha, ta tsaya jim, ta koma ɗaki.

Da bazara ta kama aka shiga kai taki gona. Na aza mangala a bayan babur, na cika ta. Kunya ta farko muka haura lafiya, a ta biyu na tsinci kaina kwance, takin na bisa kaina. Na nemi aron jaki, kowa nashi na aiki. Ga hadari ya fara haɗowa ta gabas, gonarmu kuwa jigawa ce, in ba taki ba gero, in ba gero gidan mutum tara zai ci babur.

Wani abokina ne ya ba ni labarin wata ƙungiya ta masu taimakon dabbobi. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin malamin dabbobi ya kafa ta, da malaman makaranta da wasu mahauta. Suna bin kasuwanni daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, suna ɗaga akumari su duba bayan jakai, su shafa wani shuɗin magani, su sa a kwance kajin da aka rataye kai ƙasa a keke. Jakan da aka yasar kuma suna tattara su a wani shinge a 'Yankara.

Na isa da ƙurar babur ɗina, na gaida dattijon, na ce na zo karɓar jakina. Ga shi can cikin 'yan'uwanshi, ya yi ƙiba, bayanshi ya warke sumul.

"Da me za ka shaida shi?" in ji dattijon.

"Baba, kunnenshi na hagu a tsage yake."

"Kai ne na huɗu da ya faɗi haka makon nan. Kowa na da ido. Mu nan ba mai jaki ke shaida jaki ba. Shiga ka kira shi, in ya zo naka ne."

Na shiga. Na yi tsaki irin na kiran jaki, na tafa hannu, na yi mashi kirari. Ya ɗago kai ya dube ni sosai, don wallahi ya gane ni, sannan ya juya mani gindin nan da na daka, ya ci gaba da cin harawa. Wani mahauci da ke jingine da shinge ya ce, "Malam, ko ka gwada yi mashi oda?"

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce, "Wa ke ba shi ruwa a gida?"

Na ce mahaifiyata.

"To ita ke da jaki. Kawo ta."

Inna ta taɓa rantsuwa ba za ta hau babur ba sai dai a ɗauki gawarta. Da na faɗa mata abin da ake ciki, sai ta jawo mayafi ta ce, "Ka tafi sannu, ɗan boko." Ta riƙo kaskon nan a cinya har 'Yankara.

Ko kiran shi ba ta yi ba. Ta tsaya bakin shinge ta ƙwanƙwasa kaskon da zobenta sau biyu. Jakin ya bar harawa ya taho da sassarfa, ya cusa hanci a hammatarta. Ta ce, "Ka yi ƙiba, marar kunya," tana goge ido da bakin mayafi.

Dattijon ya rubuta takarda da sunanta, ya nuna mani yadda ake cusa tsumma a ƙarƙashin akumari, ya ce duk ran kasuwa zai ɗaga ya duba. Inna ta hau jakinta, ni na bi su a baya da babur, a tafiyar jaki, gaban duk mutanen kasuwa.

Takin ya isa gona kwana biyu kafin ruwan shuka. Amma kullum sai na durƙusa ƙofar ɗakinta na ce, "Inna, a ba ni aron jaki." Ita kuma ta ce, "Mangala shida, ka maido shi kafin azahar."

Yau babur ɗin ko ƙarfenshi babu, Inna da dattijon da jakin duk sun rigaye mu, Allah Ya jiƙan na jiƙai. Jikokina suna mamakin yadda nake tashi da kaina in ba akuyoyin gidan nan ruwa, ga yara cike da gida. Ba na yi masu bayani. Ni dai na san an taɓa kai ni gaban shari'a, alƙalin na da dogayen kunnuwa, kuma ba na son a sake.