Ƙyallin Ƙarfe a Bayan Baƙar Saniya

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe bazarar da injin ruwan ƙauyenmu ya buga. A shekarun nan ne da aka ƙaddamar da Shari'a, jiharmu tana sabuwa, ni ke kula da injin rijiyar burtsatse a ƙauyen namu, kusa da Gurbin Bore. Da safe matan gari su ɗiba, da rana makiyaya su shayar a kwami. In rani ya yi nisa babu wani ruwa a yankin, sai wata tsohuwar rijiya da ke bayarwa kamar ana roƙonta.

Akwai wani dattijon Bafulatani da nake kira Baffa. Duk lokacin da na yi wa inji juyen mai, shi ke karɓar baƙin man a wani galan da na ba shi, yana shafa wa shanunsa saboda kaska da kirci. Haka makiyayan wajenmu suke yi. Shi kuma ba ya kirana da komai sai Injiniya, don tsokana, tunda ya san a garejin Kaura Namoda na yi dukkan karatuna.

Wata rana ya jawo wata baƙar saniya har bakin ɗakin inji. Ya ce, "Injiniya, mi ka zuba cikin man ga? Dubi, ka yi ma saniyata kwalliya." Na duba. Inda ya shafa man, rana ta haska, sai ƙyalli yake yi ɗigo-ɗigo. Na lakato na murza a yatsu, na ji tsaki-tsaki. Wallahi nan take na san ba lafiya ba.

Maigidana na gareji ya koya mana cewa ba a zubar da baƙin mai sai an tambaye shi labarin ciki. Na ɓalle maganaɗisun lasifikar wata tsohuwar rediyo, na ɗaura masa zare, na tsoma a sauran man. Ya fito da gemu na garin ƙarfe. Ɗan gari mai laushi kamar toka ba abin tsoro ba ne, kowane inji na yinsa. Amma wannan har da ɓarɓashi mai kaifi. Na zuba sabon mai, na bari ya ɗan yi aiki, na sake gwadawa. Gemun ya ƙaru. Wani ƙarfe na cin ɗan'uwansa a ciki, kuma cin na daɗa sauri.

Na tafi wurin shugaban kwamitin ruwa, wani malami mai mutunci, na ajiye masa maganaɗisun a kan buzunsa. Na ce, "Allah gafarta Malam, a bar ni in kashe injin ga, in ɗauko bakanike daga Kaura ya buɗe shi. 'Yan kwanaki ne."

Ya saurara. Daga inda muke ana jin injin, kukansa lafiya lau. Ya ce, "Ɗana, inji na aiki a kashe shi, cikin wanga zafi? Ka san in mutanen gari da masu shanu sunka haɗu bakin tsohuwar rijiya, sai an zubar da jini. Kuma kayan al'umma na. In anka buɗe, wani ya ce an musanya ƙarfe, a wanga zamani kai za a kai gaban alƙali. Mu jira ruwan fari."

Ni da zuciya, sai na ɗaga murya. Na ce, "Malam, injin ga bai san ruwan fari ba!" Aka ce na yi wa babba rashin kunya. Na fita ina huci. Yau da na girma na san ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoro ne, kuma tsoronsa na da dalili. Sai dai kunnensa ya gaskata, ni kuwa abin da na gani nake faɗa.

Na ci gaba da lallaɓa injin, ina yawaita juye, ina rage masa aiki. Baffa na ta samun mai yana murna. Ranar da abin ya faru, da rana tsaka, shanu sun jeru a kwami. Sai na ji ƙwal-ƙwal-ƙwal, kafin in kai hannu, gau! Ƙarfe ya fasa cikin injin ya leƙo waje, baƙin mai ya malale a ƙasa. Bututu ya yi tari ya yi shiru. Shanun suka ɗago kai suna kallonmu. Innalillahi, har yau ina ganin idanun nan.

Bakanike ya zo ya ce wannan ya wuce gyara, sai sabon inji. Abin da Malam ya guda kuwa bai fasa zuwa ba, an yi faɗa a tsohuwar rijiya har an fasa wa wani kai. Baffa ya kora shanunsa neman ruwa wajen gulbi, ga su a rame. A hanya suka riƙa durƙushewa yana bin su da wuƙa don kada su yi mushe. Har da baƙar saniyar nan.

Bayan ruwa ya sauka Baffa ya zo ɗakin inji, ya rame kamar ba shi ba. Ya miƙo mini galan ɗina, ya wanke shi tas. Na ce, "Baffa, riƙe mana, sabon inji na tafe." Ya ce, "In shafa ma wa, Injiniya?" Sai na yi kuka a gabansa.

Tun daga nan duk injin da na riƙe sai na duba mansa da maganaɗisu, kuma in ya fito da gemu, ko wa zai ji haushi, kashe shi nake yi. Na koyi cewa ɓarna tana fara nuna kanta tun komai na tafiya daidai, kuma ƙishirwar 'yan kwanaki da muka ji tsoro ita ce mai sauƙin.