Ƙafafun furosesa da na lanƙwasa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ranar da na ƙona kwamfutar maƙwabciyata ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ba, ina gyaran rediyo a wata unguwa da ake kira Television. Maƙwabciyar tawa mai buga tafireta ce a masaƙa, sai aka sallame ta tare da sauran ma'aikata, ga yara ga miji ya rasu. Wata makaranta a unguwar Trikania ta yi mata alkawarin buga takardun jarrabawa, muddin ta samu kwamfuta kafin ƙarshen zango. Ƙanenta ya aiko mata da madabod, wato faifan da ake dasa komai a kansa. Saura furosesa, ƙwaƙwalwar injin.

Ta ce za ta kai wa masu haɗa kwamfuta a ƙetaren gada. Na ce, "Haba Madam, ina nan za ki tsallaka kogi? Waya ce da dalma, duk abu ɗaya ne."

Mu a gyaran rediyo, in ba ka samu ainihin kayan ba sai ka nemi mai kama da shi, ka lanƙwasa ƙafarsa ya zauna. Da wannan ilimin na shiga kasuwa na zaɓo furosesa mafi ƙarfi. Mai shagon ya tambaye ni, "Baba, wane irin bod ne?" Na ce ya naɗe mini kawai. Kunyar in ce ban sani ba ce ta hana ni tsayawa.

Da na ɗora shi a gurbinsa, ya ƙi zama. Tana tsaye a kaina ta ce, "Baba mai rediyo, kamar fa ba gidansa ba ne."

"Sabo ne, shi ya sa yake gardama," na ce, har da dariya.

Na ɗauko filaya na gyara ƙafafun, na danne da babban yatsa. Muka kunna. Fanka ta juya kaɗan, sai ƙauri. Daga baya aka gaya mini kowane madabod da dangin furosesan da yake karɓa, kuma na kashe duka biyun.

Ba ta zage ni ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta naɗe faifan a zaninta ta ce, "Ka yi ƙoƙari, Baba." Aikin makarantar ya koma hannun wani. Kafin in tara abin da zan biya ta, ta kwashe yaranta sun koma garin Kakau noma. Na kai mata kuɗin can, ta karɓa da godiya, amma ba ta sake zama gaban injin rubutu ba.

Tun daga ranar, duk abin da ya ƙi shiga ba na danna shi. Kuma na koyi faɗin "ban sani ba", kalmar da da na faɗe ta a shagon nan, da matar nan ba ta bar sana'arta ba.