Katin da Ke Cikin Gwangwanin Man Shafawa

Wayar da maigidana ya bar mini kafin ya ƙetara zuwa ƙasar Benin da buhunan albasa ƙarama ce, cikinta ma ƙarami. Ni ba na rubutu sosai, da murya muke magana. Wata rana ta daina karɓar saƙo. In na danna sai ta tsaya tana kallona kamar tunkiya. A lokacin yarona na goye yana zazzaɓi, ina son ubansa ya ji.

Na kai ta wurin mai gyara a kasuwar Illo. Ya duba ya ce ta cika. Na ce mi na sa mata da za ta cika? Ya ce kusan rabin wurin ita kanta ta riƙe, da shi take tuna yadda za ta kunna kyamara da yadda za ta kamo layi, in aka taɓa wannan ta mutu. Sauran kuma bidiyo ne.

Bidiyon ɗiyata ta fari ne, wadda ta rasu bayan ambaliyar Kaoje. Tana korar kaji, tana kirana da sunan da ba ta iya faɗa daidai ba.

Ya ce zai juye a kwamfutarsa. Na ƙi, don ina cikin bidiyon ba ɗankwali. Sai ya kwashe a kan katin memori. Amma gurbin kati da na layi na biyu ɗaya ne, kuma layina na biyu na Benin ne, ta nan maigida ke samuna.

"Ƙanwata, ɗaya za ki sa," in ji shi. "Ko layin, ko katin."

Na sa layin. Saƙonni suka shigo, yawancinsu gaisuwar Juma'a daga dangi. Katin na naɗe shi a leda, na jefa cikin gwangwanin man shafawa.

Yaron ya warke. Damina ta wuce ban cire layin ba, kullum ina tsoron ranar da na cire ita ce ranar da za a kira. Da na daure na sa katin, wani rubutun Turanci ya fito. Maƙwabciyata ta karanta, ta ce wayar ba ta gane katin ba, tana tambaya ko ta goge shi ta fara sabo.

Na zare shi a hankali. Yana cikin gwangwanin. Muryar ɗiyata kuwa ta fara ɓace mini, yanzu kajin na fi tunawa.